Shehu Muhammadu Al-Katsinawi, Gwanin Lissafin Hatimi

 Da aka ce bana kowa ya kawo abin da za a sa a shafin Hausa, sai na ga ya kamata in ba ku tarihin wani babban malami na ƙasarmu wanda ya rasu tun cikin shekarar 1741, watau shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina, Larabawa suna ce da shi Al-Kashinawi. Na tabbata da yawa daga cikinmu sun haddace sunayen Turawan da suka yi fice a lissafi, amma nasa ko a mafarki ba su taɓa ji ba. Ni ma da haka nake, sai da na tafka wani kuskure wanda ya kusa raba abokina da makaranta, sa'an nan na san shi. Saboda haka ku yi mini haƙuri in fara da kuskuren, domin ta nan na bi na iske malamin.

A ƙarshen zango na biyu na bara, malaminmu na kwamfuta ya zaɓe mu mu uku mu taimaka wajen haɗa sakamakon jarrabawar ajinmu. Ni aka ba aikin rubuta ɗan gajeren shiri da harshen Python, wanda zai tara makin kowane ɗalibi a darussa 8, ya raba da 8, ya fitar da matsakaici, sa'an nan ya jera mu daga na ɗaya har kurar baya. Takardar da aka ba ni babu sunaye, sai lambobin ɗalibai kawai. Na rubuta shirin na sa shi aiki, yana cikin tafiya sai ya cije a kan lamba ta 23, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da na duba sai na ga gurbin makin lissafi na mai wannan lamba babu kome a ciki, ita kuwa kwamfuta ba ta san yadda za ta tara lamba da wofi ba. Ga ni ina sauri, ga yunwa, ga ƙararrawar cin abinci ta kusa. Sai na ƙara layi ɗaya, na umurce ta duk inda ta tarar da gurbi babu kome ta sa sifiri ta wuce. Nan da nan aiki ya tafi sumul, na tashi ina jin kaina gwani.

Ashe mai lamba ta 23 abokina ne, ɗan Riruwai ta ƙasar Doguwa. Ran da aka yi jarrabawar lissafi yana kwance a asibiti da zazzaɓin cizon sauro. A darussa 7 da ya zauna ya tara maki 504, watau 72 ke nan a kowane darasi in an raba daidai. Shirina ya ɗauki 504 ya raba da 8, ya ba shi 63, ya jefa shi na 19 a aji, yaron da bai taɓa wuce na 5 ba. Mahaifinsa manomin masara ne, da guminsa yake biyan kuɗin makaranta da na mota daga can bayan dajin Falgore, kuma ya riga ya gaya masa cewa ran da ya fita daga goman farko, ran nan zai dawo gida ya kama fartanya. Aka raba katin sakamako muka tafi hutu, shi yana hawaye, ni ina ba shi haƙuri, ban san ni ne sanadi ba.

Da na koma gida Bebeji, wata rana da hantsi na tarar da kakana a zaure ya baje tsofaffin takardunsa yana shanya su saboda damina ta matso. Malami ne na zaure, a wurinsa na yi karatun allo. Cikin takardun nan akwai wata mai zanen hatimi, gida biyar a kwance biyar a tsaye, kowane gida da lambarsa, amma gara ta cinye gida ɗaya. Ya miƙo mini ya ce tun da na yi nisa a lissafin boko, in gaya masa abin da ke cikin gidan da gara ta ci. Ban ko yi tunani ba na ce ai babu kome, sifiri ke nan. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce da Shehu Muhammadu na Katsina ya ji wannan amsa tawa, da ko almajirin ɗaukar buta ba zai karɓe ni ba. Na tambaye shi ko wane ne wannan Shehu. Abin da ya gaya mini, da abin da na bincika daga baya, shi ne zan ba ku yanzu.

A zamanin da Shehu Muhammadu ya taso, Katsina tana cikin manyan biranen ilmi da ciniki na ƙasar Sudan. Ayarin raƙuma suna shigowa daga arewa da kaya da littattafai, malamai suna zuwa daga gabas da yamma. Hasumiyar Gobarau, wadda har yau take tsaye, tana nuna irin darajar da garin ya ba addini da karatu. Kafin shi an yi manyan waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A irin wannan ƙasa ya buɗe ido, kuma a cikin nasabarsa ana ƙara masa da Ɗanrankawi, watau mutumin Ɗan Ranko.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya fito ne daga wani mashahurin marubucin tarihi na Misira mai suna Abdurrahman Al-Jabarti, wanda ya rubuta littafin Aja'ibul Asar. Shi ne wanda ya ba da labarin shigar Faransawa Misira a 1798 da idonsa. Shi kansa bai riski Shehu Muhammadu ba, domin sai bayan rasuwarsa da shekara goma sha wani abu aka haife shi, amma mahaifinsa, Shehu Hasan Al-Jabarti, aminin malamin ne kuma ɗalibinsa. Ashe kuwa labarin daga cikin gida ya fito.

Al-Jabarti ya ambaci malamai huɗu da suka karantar da shi tun yana nan ƙasashenmu. Akwai Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu. Malamin da ya koya masa nahawu da sarfu ya lazimce shi wajen shekara 4, a gida da kuma kan hanya in tafiya ta kama. Da fari malamin yana yi masa laƙabi da Mai Muƙamat, saboda yadda ya haddace wannan littafi mai wuyar Larabci, har in an ambaci kalma yakan kawo abin da ya gabace ta. Da ya ƙware a nahawu kuma sai ya koma kiransa Sibawaihi, watau sunan babban malamin nahawu na Basra. Duk wanda ya zauna a zaure ya san malamanmu ba su cika yabon almajiri a gabansa ba, saboda haka wannan laƙabi ba ƙaramin abu ba ne. A wurin Shehu Muhammadu Bindu kuwa ya koyi hisabi, da ilmin sanin lokuta, da ilmin haruffa da hatimai, bisa hanyar malaman Magrib. Ya kuma karanta usulu, da balaga, da manɗiƙi, da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Buhari.

Akwai wani ɗan abu a cikin jerin karatun nan nasa wanda ya tsaya mini a rai. Da aka zo kan Muhtasar na Shehu Halilu, ba a ce ya sauke littafin a wurin malaminsa ba, sai aka ce kashi 3 cikin 4 ya ɗauka, har da ambaton babin da aka fara da wanda aka tsaya. Wani littafin tauhidi kuma aka ce wajen sulusinsa ya karanta. Mutumin da ke can Misira, nesa da duk wanda zai iya ƙaryata shi, da ya so da sai ya ce duka ya sauke. Amma ya bar abin da bai karanta ba a matsayin wanda bai karanta ba. Tun daga nan na fara gane irin mai lissafin da nake karanta tarihinsa.

Bayan ya ƙoshi da ilmin gida sai ya ɗaura niyyar aikin haji. A wancan zamani tafiya Makka ba ta jirgin sama ba ce daga Kano. Mutum yakan yi sallama da danginsa kamar ba zai dawo ba, ya bi ayari ko dai ta hamada zuwa Misira, ko kuwa ta gabas ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wani ya yi shekaru a hanya yana sana'a ko karantarwa don ya sami guzuri. Shehu Muhammadu ya ratsa ƙasashe da dama, ya sadu da sarakunansu da malamansu, ya ƙaru da su, su ma suka ƙaru da shi, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi haji a shekarar Hijira ta 1142, wadda ta yi daidai da 1730. Ya zauna a Makka na ɗan lokaci, kuma a can ya fara wallafa littafinsa Addurrul Manzum, wanda ya shafi ilmin taurari da ɗalasimai. Daga nan ya wuce birnin Alƙahira, ya sauka a wata unguwa kusa da masallacin Azhar, ya kammala littafin a watan Rajab na 1146.

Bai tsaya nan ba. Ya wallafa littafi a kan nahawu mai suna Bulugul Arab, ya tsara manɗiƙi a waƙe cikin Manhul Ƙuddus, ya kuma yi masa sharhi da kansa. Amma littafin da ya fi sa masana lissafi na duniya suka san shi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1732 a kan ilmin haruffa da hatimai. Na sani malamanmu sun yi saɓani game da amfani da hatimi da duban taurari, wasu sun hana, wasu sun yi shiru. Wannan magana ta fi ƙarfin ɗan sakandare, na bar wa masu ita. Abin da ni zan taɓa shi ne lissafin da ke ciki, wanda babu saɓani a kansa, domin kowa zai iya ɗaukar alƙalami ya gwada.

Hatimin lissafi zane ne mai kusurwa huɗu wanda aka raba gida gida, aka zuba lambobi ta yadda duk layin da ka tara, ko a kwance, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlar ɗaya za ta fito. Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi, mai gida 9. Ga shi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku tara ta ko'ina, 15 za ku samu. Lambobin kusurwoyinsa su ne 2 da 4 da 6 da 8, in an mai da su haruffa bisa lissafin abajada sai su zama ba, da dal, da wau, da ha ƙarami, shi ya sa malamai suke kiransa Buduhu. Akwai kuma ƙa'idar sanin jimlar tun kafin a zuba ko lamba ɗaya. Ka ɗauki yawan gidajen layi ɗaya ka ninka shi da kansa, ka ƙara 1, ka sake ninkawa da yawan gidajen layin, ka raba biyu. Mai gida uku uku zai ba ka 15, mai biyar biyar 65, mai bakwai bakwai 175.

Zuba lambobi 9 da lalube ba wuya, amma wanda ya ce zai zuba 49 ko 81 da lalube sai ya tsufa bai gama ba. Abin da Shehu Muhammadu ya yi a littafinsa shi ne ya bayyana hanyoyin gina hatiman da yawan gidajen layinsu ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7. Ya nuna inda za a ajiye lambar farko, da irin takun da za a yi zuwa ta biyu, da abin da za a yi in taku ya fita waje, da abin da za a yi in an tarar da gida da mai shi a ciki. Malaman wannan fanni sukan kwatanta takun da tafiyar doki a wasan shaɗaranji. Wanda ya bi umurnin daki daki, ko bai san dalili ba, zai ga hatimi ya fito daidai. 'Yan'uwana na ƙungiyar kwamfuta za su ga cewa wannan shi ne ainihin abin da muke kira shiri, watau jerin umurni da aka tanadi amsar kowace matsala a cikinsa tun kafin ta taso. Ya kuma gargaɗi ɗalibai kada su karaya in aiki ya ƙi su, ya nuna musu cewa fannin nan sai mai naci.

A Alƙahira malamai sun girmama shi. Shehu Hasan Al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilmin falaki, bai ji nauyin durƙusawa gaban baƙo daga Katsina ya koyi ilmin hatimai ba. Amincinsu ya kai har Shehu Muhammadu ya koma gidansa da zama, kuma a gidan Allah ya karɓi ransa a shekarar Hijira ta 1154, watau 1741. Kafin ya cika ya naɗa Shehu Hasan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai ta Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Bai sake ganin Katsina ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.

Littattafansa sun ci gaba da yawo a hannun malamai. Kofin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu ya kai har wata makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka da ke birnin Landan. A 1967 Malam Hassan Gwarzo, ɗan jiharmu, ya buga maƙala a Ibadan a kan aikin malamin. A 1973 kuma wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta sa labarinsa a littafinta na tarihin lissafi a Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashen waje.

To, bari mu koma zauren kakana da takardar da gara ta ci. Malam ya ce kalmar sifiri daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta wofi, shi ya sa yara irina suke ɗauka duk inda suka ga wofi sifiri ne. Amma mai ilmin hatimi, in ya tarar da gida babu lamba, ba ya taɓa alƙalami sai ya tambayi kansa dalilin da ya sa gidan ya zama haka. Ya nuna mini cewa gidan wofi iri uku ne.

Na farko shi ne wanda aka bari da gangan. Ya zaro wata takarda mai muhammasi wanda ake bar wa tsakiyarsa babu kome. Lambobi 1 zuwa 24 aka zuba a sauran gidajen, kowane layi yana ba da 60, har da layukan da suka ratsa ta tsakiyar. A nan gidan ba ya ɗauke da kome tun asali, saboda haka in ka lissafa shi sifiri ba ka yi laifi ba.

Na biyu shi ne wanda da akwai lamba a ciki, ta ɓace, amma akwai ƙa'idar da za ta dawo da ita. Irin takardarmu ke nan. Layin da gara ta taɓa yana da 17, da 24, da 1, sai rami, sai 15. Tun da mun san dole layin ya ba da 65, muka tara huɗun nan muka sami 57, muka ɗebe daga 65, saura 8. Muka gwada ta layin tsaye, 8 ɗin ta zauna daram. Da na sa sifiri yadda na faɗa da fari, da layuka biyu sun rushe.

Na uku shi ne wanda lambar ta ɓace ko ba a taɓa samunta ba, kuma babu ƙa'idar da za ta fito da ita. Malam ya kawo misali da 'yan kasuwar garinmu, garin da aka haifi Alhassan Ɗantata. Ya ce in ruwa ya jiƙa littafin bashin mai shago har wani shafi ya goge, ba zai ce ba ya bin mutumin nan ko kwabo ba, ba kuwa zai ƙaga adadi ya ɗora masa ba. Zai sa alama a wurin, ya ware shi daga jimlar, sa'an nan ya tashi ya je ya tambayi mai bashin da shaidu.

Yana faɗin haka gabana ya faɗi. Na tuna da lamba ta 23, na tuna da abokina a kwance ran jarrabawar lissafi, sai na ji zufa ta karyo mini. Gurbinsa iri na uku ne, ni kuwa na yi masa hukuncin iri na farko. Yaron da ya zauna jarrabawa bai ci kome ba, shi ne mai sifiri. Wanda ciwo ya hana zama ba a san makinsa ba tukuna.

Da na koma makaranta na bincika, sai na tarar masu ƙera kwamfuta sun daɗe da sanin wannan matsala, ni ne dai ban karanta ba. A 1985 wata ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka mai suna IEEE ta fitar da ƙa'idar yadda kwamfuta za ta riƙa lissafi da lambobi masu ɗigo, a ciki aka ware wata alama, NaN, wadda ke nufin abin nan ba lamba ba ne. Duk abin da ka tara ko ka ninka da ita, amsar ita za ta sake zama, don kada ɓatan ya ɓuya a cikin jimla. A manyan rumbunan ajiye bayanai kuma akwai alamar NULL. Wani masani ɗan Ingila, Edgar Codd, wanda ya yi aiki a kamfanin IBM, ya yi rubutu mai yawa a kanta, har daga baya ya ce alama ɗaya ba ta isa ba, ya kamata a bambanta abin da yake akwai amma ba a san shi ba da abin da ba shi da gurbi a wurin tun asali. Da na karanta wannan sai na ga kamar a zauren kakana ya ɗauki darasi. Shi kansa Python yana da kalmar None domin irin wannan gurbi.

Wanda yake da Excel a kusa yana iya gwadawa yau. Ya rubuta 60 da 80, ya bar gida na uku babu kome, ya nemi matsakaici, zai sami 70, domin manhajar tana tsallake gidan wofi. Ya koma ya sa 0 a gidan, amsar za ta faɗo ƙasa da 47. Bambancin maki 23 ke nan daga danna maɓalli ɗaya. Kada kuma iyayenmu su ɗauka abin na 'yan makaranta ne kawai. Ku ɗauka mai duba ma'aunin ruwan sama a kusa da madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya yi rashin lafiya kwana uku a tsakiyar Agusta, wani ya cike masa gurbin da sifiri. Takarda za ta nuna an yi fari alhali kuwa ruwa aka sheƙa, duk wanda ya dogara da ita wajen shirin noman rani ya ɓata. Ko kuwa mai rubuta farashin buhun masara a kasuwar Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru ya yi fashin mako ɗaya aka sa sifiri. Matsakaicin watan zai karye, manomin Tudun Wada da ya ji labari ya sayar da kayansa da asara.

Ran da aka koma makaranta gadon abokina babu kowa. Na tafi wurin malaminmu na faɗa masa abin da na yi, ban ɓoye kome ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai. Ya yi mini faɗa sosai, sa'an nan ya zaunar da ni muka gyara shirin. Yanzu in ya tarar da gurbi babu maki ba ya sa sifiri, ba ya kuma wucewa shiru. Yana ajiye None, ya tara darussan da aka zauna kaɗai, ya raba da yawansu, ya rubuta a gefe cewa darasi 7 ne cikin 8, ya kuma fitar da lambar ɗalibin daban domin malamai su duba dalili. Na kawo shawara a rubuta masa 72 a gurbin lissafi kawai, tun da ko an yi haka matsakaicin ba zai canja ba. Malam ya ƙi. Ya ce makin ɗalibi ba layin hatimi ba ne da za a ce dole ya ba da kaza, kuma ba za a rubuta wa yaro a kati makin da bai ci ba. Ya ce in akwai halin komawa a auna, to, a koma a auna.

Shugaban makaranta ya aika wa mahaifin yaron takarda har Riruwai. A mako na biyu sai ga shi da akwatinsa. Aka ba shi wata jarrabawar lissafi ya zauna shi kaɗai, ya ci 58. Jimlarsa ta zama 562, matsakaicinsa 70 da kwata, ya zo na 6 a aji. Kun ga ainihin makin ba sifirina ba ne, ba kuma 72 ɗin da na so in ba shi kyauta ba ne. Na nemi gafararsa ya yafe mini, amma har yau in ya gan ni sai ya kira ni Malam Sifiri, kuma sunan ya bi ni har filin ƙwallo.

'Yan'uwana, wannan shi ne ɗan abin da na sani game da Shehu Muhammadu Al-Katsinawi da yadda ilmin da ya bari ya kai ga ajinmu bayan shekara 280 da 'yan kai. Ina roƙon 'yan ƙungiyar kwamfuta, da duk wanda za a ba amanar lissafin wani, in ya tarar da gurbi babu lamba ya dakata ya tambayi dalili kafin ya cike. Ina kuma roƙon iyayenmu masu tsofaffin takardu a gafaka su riƙa fito da su suna nuna mana kafin gara ta gama da su. Allah ya gafarta wa malamanmu na da, ya ƙara wa na yanzu haƙuri da mu, ya ba mu ilmi mai amfani.